Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Na daɗe ina shawara da zuciyata a kan ko in rubuta wannan bayani ko in bari, domin akwai abin kunyata a cikinsa. Daga baya na ga tun da yawancin 'yan ajinmu sun riga sun san abin da ya faru, gara in faɗe shi da bakina, ko Allah ya sa wani ya amfana. Abin da nake so in yi magana a kansa shi ne yadda ake tafiyar da kamfanoni domin a hana zamba da cin amana. Amma bari in fara daga inda abin ya same ni.

Bara aka zaɓe ni ma'ajin Ƙungiyar Samarin Manoma ta makarantarmu. Kowane ɗan ƙungiya yana biyan naira 200 a wata, sa'an nan muna sayar da alayyafo da tumatir da ƙwai daga lambunmu. Ni nake karɓar kuɗin, ni nake rubutawa a littafi, ni nake sayo taki da abincin kaji, akwatin kuɗin kuwa yana ƙarƙashin gadona. Wata rana sabuluna ya ƙare, guzurin da Baba ya ba ni shi ma ya ƙare, sai na ɗauki naira 500 daga akwatin, na ce a raina aro ne, in an zo mana ziyara zan mayar. Aka zo ziyara ban mayar ba, gama ba wanda ya tambaya. Bayan mako biyu na ƙara ɗaukar naira 1,000. Da na ga lissafi ya ƙi daidaita, sai na rubuta cewa mun sayi mudu biyar na dusa, alhali kuwa uku muka saya. Kafin zango ya ƙare abin ya kai naira 6,500, kuma duk tsawon lokacin nan ko da wasa ban taɓa kiran kaina ɓarawo ba.

Ran nan Malaminmu na Ilimin Kasuwanci, wanda shi ne uban ƙungiyar, ya ce in kawo littafi da rasit da akwati gaba ɗaya. Tun kafin ya gama ƙirga na faɗi gaskiya. Aka kira Baba, ya zo ya biya kuɗin, ya dube ni ya ce, "Kai, ka ba ni kunya." Sa'an nan ya juya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban da yaron nan, wa yake ƙirga kuɗin?" Malam ya ce babu kowa. Baba ya ce, "To, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari." Malam bai ji haushi ba. Bayan Baba ya tafi ya zaunar da ni, ya ce irin wannan sakaci ya taɓa kashe banki sukutum a Ingila, ya umurce ni in je in karanta labarin, in kuma rubuta abin da na fahimta. Wannan shi ne horon da aka yi mini.

Da farko ya kamata mu san bambancin kamfani da kantin mutum ɗaya. Mai kanti shi ne mai dukiya, shi ne kuma mai kula da ita. In ya yi sakaci kansa ya yi wa. Babban kamfani kuwa dubban mutane ne suke haɗa kuɗi, kowa ya sayi rabonsa, watau hannun jari. Waɗannan mutane ba za su iya zama a kamfanin kullum ba, wasunsu ma ba su taɓa ganin ƙofarsa ba. Saboda haka sai su zaɓi wasu 'yan mutane kaɗan, watau darektoci, su wakilce su. Darektoci su ɗauki manajoji, manajoji su ɗauki akawuna da sauran ma'aikata. Ka ga ke nan mai dukiya daban, mai juya ta daban, kuma tsakaninsu akwai hawa uku ko huɗu. Kowane hawa yana ganin abin da na ƙasa da shi ya nuna masa ne kawai a takarda. To, tsarin da ake yi domin a tabbatar cewa masu juya dukiya suna yi wa masu ita aiki, kuma abin da ke takarda shi ne abin da ke cikin akwati, shi ake nufi da kyakkyawan shugabancin kamfani. Bin ƙa'ida kuwa shi ne kamfani ya kiyaye dokokin ƙasa da dokokin da ya kafa wa kansa, ya kuma ajiye mutanen da aikinsu ke nan su duba ana kiyayewa.

Yanzu ga labarin bankin. Sunansa Barings, an kafa shi a Landan a shekarar 1762. Ya yi ƙarfin da har lokacin da Amurka ta sayi yankin Luwisiyana daga hannun Faransa a 1803, yana cikin bankunan da suka shirya biyan kuɗin. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ma tana cikin masu hulɗa da shi. A 1992 bankin ya tura wani saurayi ɗan shekara 25 mai suna Nick Leeson zuwa Singafo, domin ya shugabanci cinikinsa a wata kasuwar kuɗi da ke can.

Cinikin da ake yi a kasuwar nan na alkawari ne. Misalinsa kamar mutum ya yi alkawari da manomi tun da damina cewa in kaka ta yi zai sayi buhun gero a kan kuɗi kaza. In farashi ya hau, mai saye ya ci riba. In ya faɗi, ya yi hasara. Sai dai su maimakon gero, alkawarin a kan farashin hannayen jarin manyan kamfanoni 225 na ƙasar Japan ake yinsa. Aikin da aka ba Leeson mai sauƙin haɗari ne. Yana yi wa masu hulɗa da bankin ciniki, sa'an nan in ya ga farashi ya ɗan bambanta tsakanin kasuwar Singafo da ta Osaka a Japan, sai ya saya inda ya fi araha ya sayar inda ya fi tsada a lokaci guda. Ribar irin wannan ciniki ƙanƙanuwa ce, amma hasararsa ma ba ta da yawa.

Kuskuren da bankin ya yi shi ne, ya ba shi shugabancin sashe biyu. Shi ne shugaban masu ciniki, shi ne kuma shugaban sashen da ke rubuta cinikin, ya tantance shi, ya aika rahoto Landan. A ƙa'ida sashe na biyun nan shi ne mai gadin na farko. Tun a watan Maris na 1992 wani babban jami'in bankin a Singafo ya rubuta wasiƙa Landan yana gargaɗi cewa tsarin zai iya jawo masifa, amma aka bar shi yadda yake.

A watan Yuli na shekarar Leeson ya buɗe wani asusu mai lamba 88888. Bankuna sukan ajiye asusu irin wannan domin zuba ƙananan kurakuran ciniki kafin a gyara su. Shi dai ya ce ya fara amfani da shi ne domin ya rufa wa wata ƙaramar ma'aikaciya asiri, wadda ta yi kuskuren da ya ci fam 20,000. Ya sa aka cire asusun daga cikin rahotannin da ake aikawa Landan. Daga nan ya shiga cinikin da ba a ba shi izini ba, wanda ba shi da maraba da caca. In ya ci, sai ya nuna ribar a littafin da shugabanni suke gani. In an cinye shi, sai ya tura hasarar cikin 88888. A ƙarshen 1992 hasarar da ke ɓoye ta kai kimanin fam miliyan 2. A ƙarshen 1993 ta kai miliyan 23. A ƙarshen 1994 ta kai miliyan 208. A Landan kuwa ana ta yabonsa, ana ba shi garaɓasa, ana ganin ba a taɓa samun gwani irinsa ba.

Kasuwar tana da doka cewa duk wanda cinikinsa ya karkata wajen hasara sai ya ajiye kuɗin jingina. Saboda haka kullum Leeson yana neman a aiko masa da kuɗi daga Landan, yana cewa na masu hulɗa da bankin ne. Aka yi ta aika masa har ɗaruruwan miliyoyin fam, ba tare da an daidaita kuɗin da sunayen waɗanda aka ce dominsu aka aika ba. A tsakiyar 1994 masu binciken lissafi na cikin bankin suka je Singafo, suka rubuta cewa bai kamata mutum ɗaya ya riƙe sassan nan biyu ba. Aka karɓi rahoton, ba a aikata ba. A farkon 1995 masu binciken lissafi na waje suka ga giɓin kimanin fam miliyan 50, sai Leeson ya ƙaga takardun jabu ya nuna cewa bashi ne ake bin wani kamfani. Hukumar kasuwar ita ma ta rubuta wa ofishin bankin na Singafo tana tambaya a kan asusun nan a watan Janairu, amma ba a farga ba.

Ranar 17 ga Janairu 1995 aka yi babbar girgizar ƙasa a birnin Kobe na Japan, farashin hannayen jari ya faɗi. Maimakon Leeson ya tsaya, sai ya ƙara zuba kuɗi yana fatan farashi zai farfaɗo ya cike raminsa. Farashi ya ci gaba da faɗuwa. Ranar 23 ga Fabrairu ya gudu daga Singafo. Da aka buɗe littattafai aka tarar hasara ta kai fam miliyan 827, fiye da dukan jarin bankin. Ranar 26 ga Fabrairu Barings ya karye, bayan shekara 233 yana aiki. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna ING ya saye shi a kan fam 1 tak, tare da ɗaukar basussukansa. An kama Leeson a filin jirgin saman Frankfurt a Jamus ranar 2 ga Maris, aka mayar da shi Singafo, aka yanke masa ɗaurin shekara shida da rabi a watan Disamba, aka sake shi a 1999.

Da na gama karanta labarin nan jikina ya yi sanyi, domin ban ga bambanci tsakanina da mutumin nan ba sai yawan sifiri. Ya riƙe kuɗi ya riƙe littafi, haka ni ma. Ya fara da kaɗan da niyyar gyarawa, haka ni ma. Ƙarya ta farko ta tilasta masa ta biyu, haka ni ma.

Wani masani ɗan Amurka mai suna Donald Cressey ya taɓa bin kurkuku yana hira da mutanen da aka ɗaure saboda cin amanar kuɗi, ya buga sakamakon bincikensa a 1953. Ya gano cewa abubuwa uku ne suke haɗuwa kafin amintacce ya ci amana. Na farko, wata matsalar kuɗi da yake jin kunyar gaya wa kowa. Na biyu, samun dama, watau ya ga zai iya ɗauka ba a gane ba. Na uku, hujjar da zai ba zuciyarsa, kamar ya ce aro ne, ko ya ce albashinsa ya yi kaɗan, ko ya ce kowa ma haka yake yi. To, kamfani ba ya iya shiga zuciyar ma'aikaci ya ga matsalarsa, ba ya kuma jin hirar da yake yi da kansa da dare. Abin da ke hannun kamfani shi ne na tsakiyan. Saboda haka yawancin ƙa'idodin hana zamba aikinsu ɗaya ne, watau toshe tsagar bango.

Ƙa'ida ta farko ita ce raba aiki. Wanda yake karɓar kuɗi kada ya zama shi ne mai rubutawa. Wanda yake sayo kaya kada ya zama shi ne mai amincewa a biya. Cek mai nauyi sai mutum biyu sun sa hannu. In an yi haka, mai son yin zamba sai ya nemi abokin tarayya, kuma asirin da mutum biyu suka sani ba ya daɗewa.

Ta biyu ita ce daidaita lissafi a kai a kai. A ƙirga abin da ke cikin akwati, a duba abin da ke littafi, a nemi takardar banki kai tsaye daga bankin, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Wanda zai yi wannan aiki kada ya zama yana ƙarƙashin wanda ake dubawa, kuma wani lokaci a yi shi ba zato ba tsammani.

Ta uku ita ce tilasta wa ma'aikaci ya tafi hutun shekara, wani ya zauna a kujerarsa. Mai ɓoye ɓarna ba ya son barin wurin, gama ƙarya tana bukatar a riƙa yi mata ban ruwa kullum. A watan Janairu na 2008 bankin Société Générale na Faransa ya yi hasarar Yuro biliyan 4.9 ta hannun wani ɗan cinikinsa, Jérôme Kerviel, wanda shi da kansa ya gaya wa masu bincike cewa rashin zuwansa hutu ya isa ya sa a zarge shi.

Ta huɗu ita ce shugabanni su fahimci cinikin da suke shugabanta. Rahoton da hukumar kula da bankuna ta Ingila ta fitar a watan Yuli na 1995 ya nuna cewa manyan Barings ba su fahimci aikin Leeson sosai ba, kuma ba a ma tantance wane ne takamaimai mai sa masa ido ba. Ciniki mai ƙaramin haɗari ba ya kawo ƙatuwar riba. Da wani darekta ya tsaya ya ce a bayyana masa ta yaya wannan riba take fitowa, da asiri ya tonu da wuri. Amma mutum yakan binciki hasara, ba ya son binciken riba, musamman in garaɓasarsa daga cikinta take fitowa.

Duk waɗannan suna hana ƙaramin ma'aikaci ne. To, in babba ne ɓarawon fa? A nan ne maganar darektoci take shigowa. A Ingila, bayan mutuwar attajirin nan mai jaridu Robert Maxwell a 1991, an gano cewa ya kwashe sama da fam miliyan 400 daga kuɗin fanshon ma'aikatansa, ba wanda ya iya ce masa kul. A watan Disamba na 1992 wani kwamiti a ƙarƙashin Sir Adrian Cadbury ya fitar da shawarwari waɗanda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya daga baya. Daga ciki akwai cewa kada iko ya taru a hannun mutum ɗaya, ya fi kyau shugaban darektoci ya zama daban da babban manaja. Akwai cewa a sa darektoci daga waje waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne, domin su iya faɗin gaskiya ba tsoron kora. Akwai kuma cewa a kafa kwamitin binciken lissafi daga cikin irin waɗannan darektoci. Abin lura shi ne, shekarar da aka fitar da shawarwarin nan ita ce shekarar da aka buɗe asusu 88888. Ashe rubuta doka abu ne daban, aiki da ita abu ne daban.

Mai binciken lissafi na waje, watau odita, shi ma sai an tsare 'yancinsa. Kamfanin makamashi na Enron a Amurka ya karye a watan Disamba na 2001 bayan an gano yana ɓoye basussukansa a cikin wasu ƙananan kamfanoni da ya ƙirƙira. Kamfanin da ke binciken lissafinsa, Arthur Andersen, ya karɓi dala miliyan 52 daga hannunsa a shekarar 2000 kaɗai, fiye da rabi kuwa ladan wasu ayyuka ne ban da binciken. Bakin da ya ci, da wuya ya yi tsawa. A 2002 Amurka ta yi dokar da ake kira Sarbanes-Oxley, wadda ta taƙaita irin ayyukan da odita zai yi wa kamfanin da yake bincika, ta kuma tilasta wa babban manaja da shugaban sashen kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafin gaskiya ne, in ƙarya ce su ɗauki hukunci.

Har wa yau, tilas ne a buɗe hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai ƙara ba tare da an kore shi ba, domin sau da yawa akawu ya riga manaja ganin ɓarna. A shekarar 2002 wata mata mai suna Cynthia Cooper, shugabar masu binciken lissafi na cikin kamfanin sadarwa na WorldCom, ta yi ta aiki da abokan aikinta a ɓoye, har da dare, suka tono lissafin ƙarya na dala biliyan 3.8. Da ta gano, sai ta wuce shugabanta ta kai wa kwamitin binciken lissafi na darektoci. Da babu wannan ƙofa, da maganar ta mutu a ofishin wanda ya yi ɓarnar.

Kada mu zaci wannan ciwon Turawa ne kaɗai. Ranar 14 ga Agusta 2009 Babban Bankin Nijeriya, a lokacin da Malam Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnansa, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420 domin kada kuɗin masu ajiya su salwanta. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai tulin bashin da ba a biya da kuma raunin shugabanci. A watan Oktoba na 2010 kotu ta ɗaure ɗaya daga cikin shugabannin nan wata shida, aka kuma ƙwace dukiyar da ta kai kimanin naira biliyan 190. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, amma talakawan da suka sayi hannun jarin bankunan da ɗan abin da suka tara sun ji jiki. An kuma fitar da kundin ƙa'idodin shugabancin kamfanoni na ƙasa na 2018, sa'an nan Dokar Kamfanoni ta 2020 ta hana mutum ɗaya ya zama shugaban darektoci kuma babban manaja a kamfanin da jama'a suke da hannun jari.

Na san wani daga cikin iyayenmu zai ce, "Ni ai kantina ƙarami ne, kuma yaron kantin ɗan ƙanena ne, in na ce zan riƙa ƙirga bayansa ai na ce masa ɓarawo ke nan." Da girmamawa nake cewa, Baba, a sake duba maganar nan. Sau nawa muka ji zumunci ya lalace a kasuwa saboda jari ya narke ba a san inda ya shiga ba? Maigida yana zargi ba shi da shaida, yaro yana rantsuwa ba shi da takarda, iyaye mata su daina gaisawa. Da tun farko ana rubuta ciniki, ana ƙirga kaya duk ƙarshen mako, da yaro mai gaskiya ya sami abin da zai wanke kansa da shi, mai rauni kuwa ya sami abin da zai tsare shi daga zuciyarsa. Malamanmu na addini sun sha gaya mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma tsakanin muminai ake nufi. Ni kaina da an ƙirga akwatina a makon farko, da abin ya tsaya a naira 500 da ɗan faɗa, ba sai an kira Baba daga gida ba.

Ba ina cewa laifina na bango ne ba. Ni na sa hannu na ɗauka, kuma akwai ɗalibai da yawa da suka riƙe akwati kafin ni ba su taɓa ko kwabo ba. Tarbiyya da tsoron Allah su ne tushe. Amma wanda yake kafa tsarin kula da dukiyar jama'a bai kamata ya dogara da cewa kullum zai dace da waliyyi ba. Mutumin kirki ma yana da ranar da sabulunsa zai ƙare.

Yanzu ƙungiyarmu ta canza tsari. Ma'aji yana riƙe kuɗi, magatakarda yana riƙe littafi, kuma ba a fitar da ko naira ɗaya sai shugaba ya sa hannu. Duk ranar Juma'a bayan la'asar ɗalibai biyu da ake zaɓa ta hanyar ƙuri'a suna ƙirga akwati a gaban kowa, a karanta rasit ɗaya bayan ɗaya, a manna lissafin a allon sanarwa. Abin da ya wuce naira 5,000 a kai wa Malam ya ajiye. An sauke ni daga ma'aji, kuma daidai ne. Amma a zangon da ya wuce ƙuri'a ta faɗo kaina sau biyu, na shiga cikin masu ƙirga, kuma na san inda ake duba mudun dusa.

Ina kira ga sauran ƙungiyoyin makarantarmu, da masu kantin ɗalibai, da masu karɓar kuɗin aji, su duba nasu bangon tun kafin ya tsage. 'Yan'uwana, cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama akantoci da manajoji da darektoci. In aka ba ka akwati da littafi tare, ka mayar da ɗaya. In aka kawo maka takarda ba ka fahimce ta ba, kada ka sa hannu don jin kunyar tambaya. In ka ga riba ta yi yawa fiye da hankali, ka tambayi inda ta fito. Iyayenmu kuma muna roƙonsu su riƙa tambayarmu lissafin duk abin da suka damƙa mana, ko da kuɗin cefane ne, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina gode wa Malam da ya mayar da horona karatu, da Baba da ya biya bashina ya kuma faɗi gaskiya ga kowa, da 'yan ƙungiyarmu da suka yafe mini. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.